Ranar da Na Wanke Wayar Baba

Muryar Gwaggo tana cikin wayar Baba, ni ne kuma na goge ta da hannuna. Na daɗe ina neman yadda zan faɗi wannan magana ta fito da sauƙi, ban samu ba, shi ya sa na fara da ita haka nan.

A lokacin na gama bautar ƙasa na dawo gidanmu a unguwar Dogo Tebo da ke Potiskum, ina jiran aiki. Kimiyyar kwamfuta na karanta. Don kada zama ya yi mini yawa, sai na buɗe wani ɗan shafi a intanet ina rubuta labaran wayoyi da Hausa: wace waya ce ta fito, wace manhaja aka sabunta, wacce ke shanye caji, wacce ake zargin tana leƙen hotunan mutane. Da Turanci nake karanto labaran, in juyo su, in ɗora nawa sharhin a ƙasa. Masu karantawa ba su da yawa. Wani ya taɓa rubuto mini cewa shi bai taɓa ganin na ce e ko a'a ba, kullum sai "mai yiwuwa" da "ya danganta". Na ji zafin maganar, amma ina jin gaskiya ya faɗa. Tsoro nake kada in ce wa mutum ya sayi abu, ya je ya yi da-na-sani, ya ce ni na sa shi. A unguwa dai Injiniya ake kirana, duk wanda wayarsa ta yi gardama sai ya taho ƙofar gidanmu.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ta bar duniya a Mamudo take zaune, inda gonarmu take. Ba ta taɓa mallakar waya ba, ba ta kuma so. Cewa take ba za ta riƙa yawo da abin da zai kira ta tana tsakiyar salla ba. 'Yarta, wadda taubashiyata ce, ita ke da babbar waya. Da ta gano ana iya ɗaukar murya a aika, sai ta riƙa miƙa wa tsohuwar, ita kuma ta yi ta zuba wa ƙanenta magana da Ngizimanci, harshenmu na gado. Baba yana jin Hausa sarai, da ita yake cinikin hatsi a kasuwa, amma sai da ya girma ya koye ta, kuma harshensa yana nunawa. Da Gwaggo kuwa ban taɓa jin sun yi Hausa ba. Ni a Potiskum aka haife ni, Ngizimancina bai wuce gaisuwa da faɗa ba, su ma faɗan don an sha yi mini shi ne.

Ni na matsa wa Baba ya bar ƙaramar wayarsa mai madannai ya riƙe babba, saboda waɗannan saƙonnin. Ni na saita masa ita. Na nuna masa inda zai taɓa murya ta fito, ya kai kwana uku yana taɓa gefe. Akwai wani wuri a manhajar aika saƙon, wanda ke kwafe saƙonni da kansa ya adana a intanet, don ko waya ta ɓata a same su. Na kashe shi tun ranar farko, domin yana cin data, Baba kuma ba ya son a riƙa ce masa datarsa ta ƙare bai yi komai ba. A lokacin na ɗauka dabara na yi.

Gwaggo ta rasu a farkon damina. Aka yi zaman makoki, aka watse, kowa ya koma harkarsa. Nakan ga Baba a zaure da safe, bayan ya sha koko, ya manna waya a kunnensa yana kallon ƙasa. Na ɗauka labarai yake ji, ko wa'azin da abokansa na kasuwa ke turo masa. Ban taɓa tambaya ba. Wannan ma yana cikin abubuwan da ke damuna, domin shekara guda cur ina wucewa ta gabansa.

Daminar da ta zagayo, wata Asabar, ya dawo daga gona da yamma ya miƙo mini wayar. Laka ta shiga duk wani rami da ke jikinta, gilashin ya yi dusu-dusu da shatin yatsu. Ya ce murya ba ta fita sosai, kuma in ya taɓa sai ta tsaya tana tunani kafin ta amsa. Na duba, na ga cikinta ya cika maƙil, babu sauran wuri. Na san maganin, ko kuma in ce na ɗauka na sani.

A bakin masu harkar waya, in an ce a wanke waya, ana nufin a share duk abin da ke cikinta, a mayar da ita kamar ranar da ta fito daga kwali. Haka muke faɗa kullum, har na manta kalmar tana da wata ma'ana da ta riga wannan.

Na ce, "Baba, wannan sai an wanke ta."

Ya ce, "To wanke ta mana. Ai ta yi datti."

"Komai zai fita fa."

"Shi nake so, ya fita." Ya juya zai shiga cikin gida, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Amma ka kula, kada ruwa ya shiga cikinta."

Dariya na yi. Baba mutum ne mai zolaya da fuska a ɗaure, sai na ɗauka irin tasa ce. Bai yi dariya ba, amma ai dama ba ya yi. Na sha komawa kan wannan ɗan lokacin. Da na ce masa, Baba, wane ruwa, da maganar ta ƙare a nan.

Ba zan ce na yi sakaci gaba ɗaya ba, ko da yake ban san amfanin faɗin haka ba yanzu. Na kwafe lambobin mutane ɗaya bayan ɗaya, na sake dubawa. Na kwafe hotuna, har da na buhunan gero da na takardun asibiti. Na kwafe karatun Alƙur'anin da na zuba masa. Sannan na buɗe wurin da muryoyi suke, na ga sun yi yawa ƙwarai, babu suna a kan ko ɗaya, sai jerin lambobi. Na taɓa ɗaya, wa'azi ne da aka yi ta turawa. Na taɓa ta biyu, wani dillali ne ke tambayar farashin wake. Ta uku ma wa'azi. Sai na ce a raina, ga abin da ya cika wayar. Ban taɓa ta huɗu ba. Na danna, wayar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Bayan ta tashi na mayar da manhajojin, na sabunta su duka, na samo tsohon buroshin haƙori na kankare lakar da ta toshe sifika, na goge gilashin da tsumma. Kafin magariba na kai masa ita tana ƙyalli. Ya juya ta gaba da baya, ya ce lallai ta wanku, Allah ya yi albarka.

Washegari da safe ina shara a tsakar gida ya kira ni daga zaure. Na same shi da kofin koko a gefe, wayar a hannu, yana ta jan yatsa sama da ƙasa a kan shafin da babu komai.

Ya ce, "Injiniya, ina ka kai mini Yaya?"

Ban gane ba da farko. Ya nuna mini sunan 'yar Gwaggo, ya ce a nan take, kullum a nan yake samunta, yau ya buɗe ya ga fili. Sai a lokacin na haɗa abin da ya faru, daga ruwan da ya ce kada ya shiga har zuwa zaman da yake yi da safe. Abin da ya kamata in ce a fili yake, amma ba shi na faɗa ba. Na ce masa mai yiwuwa sabis ne bai yi ƙarfi ba, wani lokaci saƙonni sukan ɗauki lokaci kafin su dawo, ya ba ni wayar in duba. Ba zan kira ta ƙarya kai tsaye ba, amma ba gaskiya ba ce, kuma na san haka tun kafin in rufe baki. Ya miƙo mini ba tare da wata damuwa ba, ya ce in hanzarta, don bai gaisa da ita ba yau.

Na hau keke mai ƙafa uku zuwa layin masu gyaran waya da ke kusa da tasha. Akwai wani mai gyara da na sani, ɗan gidan 'yan kasuwar Kano ne da suka daɗe a garin, yana karanta shafina don ya samu abin tsokanata. Malam mai sharhi yake ce mini. Da na gama yi masa bayani ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tambaye ni ko ba ni ne na rubuta wancan makon cewa kowa ya riƙa adana kwafin saƙonninsa ba. Na ce ni ne. Ya ce shi har ya tura wa matarsa rubutun. Ya yi dariya kaɗan, da ya ga fuskata sai ya daina.

Ya tambaye ni ko na zuba wani abu a wayar bayan wankin. Na ce na zuba komai, na kuma sabunta komai. Ya girgiza kai. Ya ce ko ban zuba ba ma, wayoyin yanzu kulle abin da ke cikinsu suke yi, in aka wanke an jefar da makullin ke nan. Na san wannan, na taɓa yin rubutu a kai. Duk da haka na roƙe shi ya gwada. Ya jona ta da kwamfutarsa, muka zauna a benci muna kallon wani layi yana tafiya a hankali har aka kira azahar. Abin da ya fito ƙananan hotuna ne na tambarin manhajoji. Ya zare wayar ya ce in tafi wurin wadda ta aiko saƙonnin, in dai wayarta tana nan to muryar tana nan. Na ji kunya da ban tuna da haka da kaina ba, na kuma ji wani ɗan sanyi a raina.

Na ce wa Baba aikin zai kai gobe. Ya ce ba komai.

Da safe na shiga mota zuwa Mamudo. Na tarar da taubashiyata tana surfe a tsakar gida. Tun daga ƙofa ta fara: yau wace rana, Injiniya marar ofis ya tuna da talakawa, ko dai an kore ni daga intanet ɗin ne. Ta ce in karɓi taɓarya in nuna mata abin da aka koya mini a jami'a. A da nakan rama, in ce ai tun da ta yi aure tuwonta ke korar baƙi. Ranar ban iya ba. Ta lura, ta jingine taɓaryar, ta kawo mini tabarma da ruwa.

Na gaya mata komai. Ta shiga ɗaki ta fito da waya, tun daga nesa na ga ba wadda na sani ba ce. Ta ce waccan ta faɗi gilashin ya tarwatse bayan arba'in ɗin tsohuwar, mijinta ya kai ta kasuwa aka yi musaya da wannan. Ta ce shi wanda ya karɓa har ya tabbatar musu zai wanke ta tas kafin ya sayar, don kada wani ya ga hotunansu. Ita ba ta san ana iya adana komai ba. Ta ce ta ɗauka tunda suna wurin Kawu, to suna nan.

Muka zauna. Can sai ta ce, rabi wasa rabi gaske, ai ita ta iya muryar tsohuwar, kowa a gidan ya sani, me zai hana ta ɗauki guda biyu ko uku in zuba masa. Kafin in amsa ta gyara zama, ta ɗan karkata kai kamar yadda Gwaggo ke yi, ta yi gaisuwar safe da Ngizimanci, da ɗan tarin nan da take yi kafin ta ambaci ƙanenta. Na kawar da kai. Ita ma ba ta ƙarasa ba, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska.

Dole in faɗi cewa na yi tunanin karɓar tayin. Ban daɗe ina tunanin ba, amma na yi. Ita ce ta kashe maganar da kanta bayan ta share ido.

Ta ce, "Bar shi kawai. Kawu zai gane tun daga sallama. Je ka gaya masa, kai ma ka huta."

Ta ɗaura mini ɗanyar kuɓewa a leda in kai gida. A bakin ƙofa ta ce in na sake wanke wani abu, in tabbata kayan sawata ne, don ta ga wuyan rigata ya yi datti. Na gane ƙoƙari take ta sallame ni da dariya, na yi mata ita gwargwadon iyawata.

Na iso bayan la'asar. Baba yana zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na ajiye wayar a gabansa, na ce saƙonnin Gwaggo ba za su dawo ba, ni na share su, kuma abin da na ce masa jiya game da sabis ba haka ba ne. Ina jin wannan ne karo na farko da na yi masa magana mai tsawo haka ba tare da na sa wataƙila a ciki ba.

Bai ɗago ba sai da ya gama ɗaure ƙotar. Sannan ya ce in yi masa bayanin yadda wanki ke share magana. Na yi masa, dalla-dalla, yana saurare kamar mai koyon karatu. Ya tambaya ko a wurin 'yarta ma babu, na ce daga can nake. Ya ɗauki wayar ya dubi gilashin da na goge.

Ya ce, "Ashe wankin iri biyu ne. To ai ni na ce ka wanke."

Na ce a'a, laifina ne, ni na san abin da nake nufi, shi bai sani ba. Ya ce Hausar ce dai ba ta gama zama a bakinsa ba har yau, da ya tambaya. Da ya yi mini faɗa da na fi jin sauƙi. Na zauna ina jin yadda yake ɗora wa harshensa laifin da ni na yi, na rasa ta inda zan karɓe shi.

Ya ce yawancinsu ya haddace, don ya ji su ba adadi. Akwai wanda take faɗa a kan akuyar maƙwabta da ta cinye mata rama, akwai wanda take tambayar ko ƙafarsa ta daina ciwo, akwai wanda ba ta san an fara ɗauka ba tana ta yi wa jikokinta tsawa. Yana faɗa yana ɗan murmushi. Sai ya sa wayar a aljihu.

"Akwai ɗaya da ban buɗe ba."

Ya ce da safiyar ranar da ta rasu saƙon ya shigo. Yana tsakiyar kasuwa, hayaniya ta yi yawa, ya ce bari ya koma gida ya ji a natse. Kafin ya koma aka kira shi aka ce ya taho Mamudo. Tun daga ranar yakan ga ɗan ɗigon nan da ke nuna ba a saurari saƙo ba, ya ji na sama da shi, ya ji na sama da wancan, in ya iso kansa sai ya ce gobe.

Sai na ce ai 'yarta ce ta riƙe mata wayar, dole ta ji abin da aka faɗa, zan iya tambayarta yanzu. Ya ce a'a, in bar yarinya, kada in tayar mata da hankali. Ya tashi ya ɗauki buta, don an kusa kiran magariba.

Na yi kwana biyu ina bin umarninsa. A rana ta uku na fita bayan gida na kira ta. Ba ta tsokane ni ba wannan karon. Ta ce ta tuna safiyar sarai. Tsohuwar tana kwance, ta ce a danna mata a ajiye wayar kusa da bakinta, sannan ta ce mata ta je ta duba tukunya. Ta gane ana so ta ba da wuri ne, ta fita. Da ta dawo ta tarar an gama, ta aika. Daga baya ta sha ganin saƙon a tata wayar, amma ba ta buɗe ba, tunda magana ce tsakanin ya da ƙane kuma an fitar da ita kafin a yi ta. Na tambaye ta ko ta ji wani abu daga waje, ko kalma ɗaya. Ta ce ba ta ji ba. Abin da kawai za ta iya cewa shi ne maganar doguwa ce, don kafin ta ji an yi shiru ta koma ɗakin, ruwan da ta ɗora ya tafasa har ta yi talge.

Ban gaya wa Baba na tambaya ba, kuma ban ga alamar zan gaya masa ba.